Daga Afan zuwa Argungu: Kafin ku kai yara kallon biki a bakin ruwa

Ga shi shekara ta zo ƙarshe, hunturu ya sauka, kuma a wajenmu nan kudancin Kaduna hirar kowa ta koma ta Afan. Ranar 1 ga Janairu garin Kagoro zai cika ya batse. 'Yan gari da ke aiki a Kaduna da Abuja da Jos da Legas duk sun fara dawowa, otal-otal ɗin Kafanchan tun yanzu babu ɗaki. Afan a harshen mutanen Kagoro na nufin dutse, kuma asalin bikin murna ce ta kammala girbi da buɗe lokacin farauta a kan duwatsun da suka yi wa garin rumfa. Za ka ga mafarauta da kwari da baka, makaɗa da masu rawa daga ƙabilu maƙwabta, kowa ya zo gaisuwa ga Mai Martaba Sarkin Kagoro. Da an tashi daga fili, matasa su kama hawan dutse, masu iyali kuma da yawa su cika mota su nufi Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun nan yake faɗowa daga tsayin kusan mita 30.

Daga nan kuma sai bukukuwan ruwa na gaske su biyo baya. Tsakanin Fabrairu da Maris ake yin bikin kamun kifi na Argungu, a Yawuri kuma a yi Rigata a kan kogin Neja. Na san akwai masu karatu da suka fara tara kuɗin mota tun yanzu. Ban zo in hana kowa zuwa ba, ni kaina ina cikin masu zuwa. Akwai dai abin da ya faru da mu a Matsirga shekara biyu da suka wuce, wanda na daɗe ina jin nauyin rubuta shi saboda ina da hannu a ciki.

Yayata ce ta zo Afan daga Kaduna da 'ya'yanta uku. Ƙaramin namijin, ɗan shekara bakwai, sanyin Kagoro ya kama shi tun daren da suka iso, ya kwana yana atishawa, hanci na zuba. Da safe ta ce mini, "Ke da kike da kanti guda na magani, ba za ki ba ɗanki wani abu ba?" Na ɗauko maganin mura na ruwa irin wanda kowane gida yake da shi, mai sinadarin kulofeniramin, wanda aka fi sani da Piriton. Na auna daidai shekarunsa na ba shi. Majina ta tsaya. Da azahar, kafin mu bar filin biki, uwarsa ta ƙara masa cokali ɗaya, kamar yadda ni na gaya mata.

Wajen ƙarfe uku muna Matsirga. Mutane ko'ina, masu hoto, masu kiɗa a waya, masu cin shinkafa a kan tabarma. Mu manya huɗu ne a wurin: ni, yayata, mijinta da ƙaninmu. Kowa ya ɗauka wani ne yake duba yaran. Yaron ya taka wani dutse mai gansakuka a gefen wani ɗan gurbi da ruwansa bai wuce ƙirjin babban mutum ba, santsi ya kwashe shi. Ba mu ji ihu ba, ba mu ji fantsamar ruwa ba. Wani saurayi da ban san shi ba, kuma har yau ban san sunansa ba, shi ya hango ƙeyar yaro a ruwa ya yi tsalle ya ciro shi. Allah Ya saka masa da alheri a duk inda yake.

Kafin in ƙaraso an yi caa a kansa. Wani ya kama ƙafafunsa zai zazzage shi kai a ƙasa, wata tana cewa a danna cikinsa ruwan ya fito. Na ture su na kwantar da shi a gefensa. Yana numfashi, yana tari, ya yi amai. Bayan minti goma ya tashi zaune yana kuka, mijin yayata ya ce shi ke nan, a mayar da shi gida ya sha shayi. Na ce asibiti za mu. Muka ɗan yi musu, ya ce, "Anti likita, yaro fa ya warware." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, huhunsa ban gani ba tukuna." Wajen ƙarfe takwas na dare, muna asibiti a Kafanchan, numfashinsa ya fara sauri, aka sa masa iskar oksijin. Kwana biyu ya yi a gado.

A kwana biyun nan na zauna na yi ta juya abin a raina. Maganin da na ba shi daidai ne, awon ma daidai ne. Amma maganin mura irin wannan yana kawo kasala da jiri, yana rage saurin da jiki yake yi wajen tare faɗuwa, kuma yakan yi awa huɗu zuwa shida ko fiye a jiki. Kullum ina faɗa wa direbobi da 'yan acaɓa kada su sha su hau hanya. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa yaro mai tafiya a kan dutse mai santsi shi ma gargaɗin nan ya shafe shi.

Saboda haka uwargida, idan za a je bakin ruwa, a duba abin da aka ba yaro da safe. Mafi yawan magungunan mura da tari na ruwa suna da irin wannan sinadari. Haka Phenergan da wasu iyaye suke ba yara don kada su yi amai a mota, ko kuma, mu faɗi gaskiya, don su yi barci a huta da rigimarsu. Yaron da ya sha ɗaya daga cikinsu, ranar nan hannunsa yana cikin hannun babba. Idan mura ce kawai, a bar maganin sai dare. Ɗigon ruwan gishiri na hanci da hankici sun wadatar da rana. Yaron da bai kai shekara shida ba ma, ba a so a ba shi waɗannan magungunan sai da umarnin likita.

Yadda nutsewa take zuwa

Fina-finai sun koya mana cewa mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. A zahiri bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ɗan lokacin da ya samu na jan iska ne, babu na kiran kowa. Yaro zai iya ɓacewa a ƙarƙashin ruwa cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, kuma ƙaramin yaro ko ruwan bokiti ya ishe shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2024 ya ce kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abin da na koya a Matsirga shi ne yawan manya a wuri ba ya tsare yaro. A kira sunan mutum ɗaya a ce, "Wane, yaran nan suna hannunka har zuwa la'asar." Wanda aka ba wannan aiki ya ajiye waya a jaka, ba hoto, ba hira. In ya gaji ya miƙa wa wani baki da baki. Kuma kada a ɗora wannan nauyi a kan 'yar shekara goma don ita ce babba. Ita ma kallo ta zo.

Idan wani ya faɗa ruwa kuma ba ka iya iyo ba, kada ka bi shi. Sau da yawa gawa biyu ake cirowa a irin wannan. Miƙa masa gora ko sanda ko zani, ko ka jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe, tana ɗaukar babban mutum sarai. In an fito da shi, a manta da zazzagewa da danna ciki. Ruwan da ke fitowa in an danna daga tumbi yake, kuma yana iya komawa ya shaƙe shi, ga ɓata lokaci. A duba ko yana numfashi. Idan yana yi, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Idan ba ya yi, a kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau biyu, a ci gaba a haka ba tsayawa, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Duk wanda aka ciro yana tari ko haki, ko ya farfaɗo yana dariya, a kai shi asibiti a duba shi na wasu sa'o'i. Ruwan da ya shiga huhu yakan ɗauki awa huɗu zuwa takwas kafin ya nuna kansa.

Mutum biyu nake so a ƙara sa wa ido. Na farko mai farfaɗiya. Haɗarin nutsewa a gare shi ya ninka na sauran mutane sau da yawa, kuma ranar biki ce ranar da aka fi manta shan magani, ga rashin barci, ga gajiya, dukkansu masu tayar da ciwon. Ya sha maganinsa a kan lokaci, ya yi kallonsa daga tudu. Na biyu mai sikila. Ruwan Matsirga a watan Janairu kamar daga firji yake fitowa, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki kuwa su ne manyan masu tayar da ciwon ƙashi. Ko feshin ruwan ya jiƙa masa riga, a canza masa nan take.

Argungu da Yawuri

Na je Argungu a watan Maris na 2020, shekarar da aka dawo da bikin bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, kwanaki kaɗan kafin korona ta rufe ƙasa. Gani ya kori ji. An fara bikin ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Ranar ƙarshe dubban masunta suke jeruwa nesa da kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai ka ga ƙura ta tashi, mutane sun kwarara cikin ruwa kamar an buɗe dam. A shekarar da na je, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne Kabanci, wasannin da ake yi kafin ranar su: tseren kwale-kwale, gasar iyo, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Yara ƙanana suna sarrafa kwale-kwale kamar yadda namu suke sarrafa keke. A Yawuri kuma Rigata ta samo asali ne daga Gungawa, mutanen tsibiran kogin Neja, waɗanda suke fita da jiragensu farautar dorina. Yanzu ta zama tsere da nuna gwaninta, jirage da ado, matuƙa suna tuƙi a tare da kiɗa.

Waɗannan mutane a ruwa aka haife su. Ɗanka da ya tashi a Tudun Wada ko Sabon Gari ba sa'ansu ba ne, kuma in ya gan su zai so ya gwada. Bayan an gama tsere, masu kwale-kwale sukan ɗauki baƙi su zaga da su a biya su. Kafin ki sa ƙafa a ciki, uwargida, ki tambaya: ina rigar kariya? Ki ƙirga mutanen da ke ciki. Ki dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa. In ba ta kai tsawon tafin hannu ba, jirgin ya yi lodi, ki jira na gaba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana ɗaukar fasinja ba riga, ta kuma hana tafiyar dare, amma a yawancin mashigai babu mai tsayawa ya tabbatar, ke ce hukumar kanki.

Ba mu manta ba. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a jihar Kebbi ya nutse da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kimanin ashirin ne. A ƙarshen Nuwambar shekarar, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi suna dawowa daga ɗaurin aure. Biyu daga cikin ukun nan hanyar taron farin ciki ce, lokacin da kowa yake sauri, kowa yana jin kunyar a ce shi ne ya ƙi shiga.

Rigar kariya ta manya ba ta yi wa yaro. In ya faɗa ruwa ta sama take zamewa, ta bar shi a ƙasa. A nemi daidai nauyinsa, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, a ɗaure, a kama ta ta kafaɗa a ɗaga. In ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa. Balan-balan ɗin hannu da tayar roba da ake sayarwa a bakin titi kayan wasa ne, kada a dogara da su.

Wata magana kuma ga samari. Na sha ganin masu shan tiramol ko wani abin "ƙarin ƙarfi" kafin su shiga iyo ko hawan dutse. Tiramol yana iya jefa mai lafiya ƙalau cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman manyan ƙwayoyin nan na bayan fage. A tudu, jijjiga tana ƙarewa da cizon harshe. A ruwa kuwa sai dai a nemo gawa. Giya da burkutu ma haka, kuma a Afan ba a rasa su.

Ciwon da ke biyo ku gida

Akwai abin da ba a gani ranar biki, sai bayan wata biyu ko uku. Yaro ya zo ya ce, "Mama, fitsarina da jini," yawanci a ɗigon ƙarshe. Wannan ita ce tsargiya. Tsutsarta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai: gefen kogi, tafki, dam, fadama, kududdufi. Daga nan take fitowa ta huda fatar wanda ya shiga, ko wanka ne ko wanke ƙafa kawai, ba sai an sha ruwan ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu ita a duniya. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma yana taɓa mahaifa har a yi ta maganin sanyi shekara da shekaru ba a dace ba.

Maganinta firazikwantel ne, ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 40 a kan kowane kilo, a sha bayan an ci abinci. Sai dai ba ya kashe tsutsar tana ƙarama. Wanda ya dawo daga Argungu ya saya ya sha washegari ya yi asarar kuɗinsa. Sai an yi mako shida zuwa takwas da shiga ruwan. Abin da ya fi shi ne a je a gwada fitsari, a kuma gaya wa likita cewa an shiga kogi a wata kaza, don likitan birni ba lallai tunaninsa ya je can ba.

Rana da jakar magani

Kagoro a Janairu sanyi ne da ƙura. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, kada a bar shi a mota, kuma a girgiza a tabbatar akwai magani a ciki tun a gida. Argungu a Maris kuwa wata duniya ce, zafi yakan kusa digiri 40, inuwa ta manyan baƙi ce, sauran jama'a a rana suke yini.

A nan ne nake samun matsala da iyayenmu masu hawan jini. Da yawa suna shan ƙwayar da ke sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix. Wasu sukan ƙi sha ranar tafiya don kada su dami direba, wasu kuma su sha, sannan su ƙi shan ruwa don babu banɗaki a filin biki. Duka biyun haɗari ne. Baba ko Mama su je wurin likitansu mako guda kafin tafiya a tsara yadda za a yi. Sau da yawa sauya lokacin sha kawai ake yi. Sauran magungunan hawan jini kuwa ba a tsallake su ko na kwana ɗaya. Kuma in jiki ya yi tsami da yamma bayan an yini a rana ba ruwa, a guji ibufurofen da dikulofenak, da haɗe-haɗen nan da masu tallan magani a faranti suke ƙullawa a leda. Ƙodar da ta yini da ƙishirwa ba ta jure su. A sha ruwa tukuna, in ya kama a sha farasitamol.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin, kada ya bar ta a cikin mota. Motar da aka rufe a rana cikinta yakan haura digiri 50, insulin kuwa da ta wuce digiri 30 ta fara lalacewa, kuma ba a gane wa da ido. A sa ta a ƙaramar kula, a naɗe da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙara, domin in ta daskare ma ta mutu. In babu ƙanƙara, jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke kaɗawa yana taimakawa, dabarar randa ce. Ya kuma riƙe alawa ko dabino a aljihu, domin a wurin biki abinci ba ya zuwa a kan lokaci.

'Yan'uwana mata masu shafa man ƙara haske, ku yi haƙuri in faɗa: fatar da aka kankare ba ta da garkuwa, yini ɗaya a bakin kogi zai bar tabon da zai yi watanni. Haka mai shan doksisaikilin. Lema da hula mai faɗi da mayafi mai kauri sun fi komai.

Idan kuka ga mutum ya yini a rana, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi, kada a tsaya ba shi farasitamol, ba zazzaɓi ba ne, ba zai yi aiki ba. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.

Game da abinci ba zan tsawaita ba. Ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku, kifi ya gasu har ciki. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar da ba ku san ruwan da aka yi su da shi ba, a haƙura. A jakata kullum akwai ƙullin gishirin ORS guda biyar da ƙwayar zink. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ruwan leda biyu, abin da ya kwana ya wuni a zubar. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Yaro mai gudawa a ba shi zink miligiram 20 kullum har kwana goma, jariri ɗan ƙasa da wata shida rabin haka. Flagyl da tetirasaikilin da ake ɗura wa yara da zarar ciki ya motsa, yawanci ba su ake buƙata ba.

Tunda lokacin sanƙarau ne, daga Disamba har zuwa faɗuwar damina, kuma za a shiga cunkoso a kwana a ɗaki ɗaya da mutane da yawa, a leƙa asibitin sha-ka-tafi a tambayi rigakafi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya bayan an dawo, a daren za a tafi asibiti.

Kunnen jariri

Wata ƙawata da ke zaune a birnin Siyatil na Amurka ta turo mini hotunan bikinsu na bakin tafki mai suna Seafair, wanda suke yi duk bazara tun 1950, da tseren jirage masu inji da wasan jiragen yaƙi a sama. Abin da ya ja idona shi ne jarirai sanye da abin toshe kunne kamar na masu aikin filin jirgi. Mu nan ba mu cika damuwa da wannan ba, alhali bindigar mafarauta da ta 'yan tauri, da manyan lasifikan da ake jerawa a filin biki, da jiragen sojan sama in suna shawagin bikinsu a Kaduna ko Abuja, duk sun isa su yi wa kunne illa. Ƙarar da ta sa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, ta yi wa jariri yawa. Uwa takan tsaya daf da lasifika da goyo a baya, kunnensa a buɗe, don nan ne ake ganin rawa da kyau. A matsa baya. Auduga ba ta tare ƙara sosai, abin toshe kunne na soso da ake samu a kantin magani ya fi ta ga manyan yara, jariri kuwa nisa ne maganinsa.

Sannan a rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun kowane yaro, ko a rubuta da biro a damtsensa. A ɗauke shi hoto da safe da kayan da ke jikinsa, don in ya ɓace a cikin dubban mutane, "yaro ne baƙi ɗan siriri" ba kwatance ba ne.

Ɗan yayata yanzu shekararsa tara. Bayan abin da ya faru ya yi kusan shekara ba ya yarda ko a zuba masa ruwa a ka. Ubansa, wanda muka yi musu da shi a Matsirga, shi ya kai shi wurin koyon iyo a Kaduna duk Asabar, shi ma ya shiga ajin manya. Makon jiya yaron ya kira ni a waya ya ce, "Anti, Baba ya ce in na ci jarrabawa za mu je Argungu, kuma zan shiga kwale-kwale." Na ce to, sai in da riga. Na riga na sayo masa, mai ruwan lemo, ta kilo 30 zuwa 40, tana nan rataye a bayan ƙofar kanti. Za su zo Afan ranar Laraba, a nan zan gwada masa.